Da gaske naman gwari da yis suna cinye gubar da ke gurɓata ƙasa da ruwa?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a fannin nazarin ƙananan halittu, ina shirin binciken kammala digiri. Ina yawan cin karo da labarin cewa an gano naman gwari mai cin roba, wani mai cin ɗanyen mai, har ma an ce yis ɗin da ake kwaɓa fulawa da shi yana tsotse dalma daga ruwa. Gaskiya ne ko zuzutawa ce? In gaskiya ne, me ya hana a zuba su a wuraren da suka gurɓace kowa ya huta? Sannan da wanne ya fi kyau in yi aiki, yis ko funfuna?

Amsa: Ɗan'uwa, yawancin labaran nan suna da tushe. An yi binciken, an kuma buga shi a mujallun da ake girmamawa. Matsalar ita ce masu yaɗa labarin suna yi wa abubuwa uku kuɗin goro, alhali kowanne tafiyarsa daban. Idan ka zuba guba a kwalba, ka saka naman gwari, bayan mako biyu ka auna ka ga ta ragu, to ɗayan uku ne ya faru. Ko an farfasa ta har ta koma iskar kabon dayoksaid da ruwa da ɗan gishiri. Ko an sauya mata kama ta zama wani sinadarin, wanda zai iya fin na farkon sauƙi, zai kuma iya fin sa sharri. Ko kuma tana nan daram, maƙalewa kawai ta yi a jikin halittar. A dukkan ukun na'urar awo raguwa za ta nuna maka. Aikin mai bincike shi ne ya bi sawun gubar ya gano inda ta shiga, kuma da wannan ma'aunin zan bi tambayoyinka.

Naman gwari ba tsiro ba ne, ko da yake an daɗe ana lissafa shi cikin tsirrai kafin Robert Whittaker ya ware masa rukuninsa a 1969. Ba ya haɗa abinci da hasken rana, ba shi kuma da baki ko ciki. Enzayim, wato sinadaran furotin masu warware abinci, yake fitarwa waje su narkar da abin da yake zaune a kai, sannan ya tsotse. Wasu suna girma a matsayin zarurruka sirara, kaurin kowanne bai wuce maikuromita 2 zuwa 10 ba, su saƙu su mamaye itace ko ƙasa. Funfuna da naman kaza duk a nan suke. Wasu kuma tantani ɗaya ne tilo mai hayayyafa ta hanyar tsirar da ɗan ƙullutu a gefensa, shi ne yis. An ba wa kimanin nau'i 150,000 suna, ƙiyasin da aka fi kafa hujja da shi kuwa, na 2017, ya ce jimillarsu ta kai miliyan 2.2 zuwa 3.8. Ka ga abin da aka taɓa gwadawa a kan guba ɗan mitsitsi ne.

Asalin wannan fanni daga ruɓaɓɓen itace ya fito. Jikin itace yana da selulos, wanda sukari ne a jere, abinci mai daɗi ga duk halittar da ta iya kai wa gare shi. Sai dai an lulluɓe shi da lignin, wanda ya kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na busasshen katako. Shi lignin tarin zobban kabon ne da aka ɗaure ta kowace fuska ba tare da tsari guda mai maimaita kansa ba. Yawancin enzayim kamar mabuɗi suke, kowanne da kwaɗonsa. Abin da ba shi da tsari guda kuwa mabuɗi ba ya buɗe shi, sai guduma, ita kuma guduma ba ruwanta da wane kwaɗo aka ɗora ta a kai. Wani rukunin naman gwari, masu barin itace fari fat da laushi bayan sun gama da shi, su ne suka mallaki irin waɗannan enzayim. Fitattunsu su ne Phanerochaete chrysosporium da Trametes versicolor da Pleurotus ostreatus, wannan na ƙarshe ma naman kaza ne da ake nomawa don ci.

A 1983 Ming Tien da Kent Kirk a Amurka, da kuma ƙungiyar Michael Gold a nasu ɓangaren, suka ware enzayim na farko daga Phanerochaete, aka kira shi lignin feroksides. Shekara guda bayan haka aka samu manganis feroksides. Yadda na biyun yake aiki ya cancanci a tsaya a kansa. Enzayim ɗin ya yi girman da ba zai iya kutsawa cikin ƙananan kafofin itace ba. Sai ya yi amfani da haidurojin feroksaid, wanda naman gwarin da kansa yake samarwa, ya fizge ilektoron ɗaya daga manganis. Wannan manganis da aka fizge wa ilektoron sai ya haɗu da asid ɗin oksalik, wanda shi ma naman gwarin ke fitarwa, ya ratsa cikin itacen ya je ya fizgo ilektoron daga duk zoben da ya tarar mai sauƙin bayarwa. Zoben da ya rasa ilektoron ba ya zama lafiya, sai ya tsage ko ya manne da maƙwabcinsa. Ka riƙe wannan zaɓi na biyu, zai dawo mana a gaba.

To, da yawa daga cikin gubobin da suka gagari duniya su ma zobban kabon ne: maganin ƙwari DDT, da PCB na cikin tsofaffin taransifoma, da dayoksin, da PAH da ake samu a kwalta da hayaƙi da ɗanyen mai. A 1985 John Bumpus da Steven Aust da abokan aikinsu a Jami'ar Jihar Michigan suka buga sakamako a mujallar Science cewa Phanerochaete yana iya kai DDT da wasu PCB da dayoksin da lindan da benzofairin, ɗaya daga cikin PAH, har zuwa kabon dayoksaid. Abin da ya sa aka yarda da su shi ne hanyar da suka bi. Gubar da suka yi amfani da ita an gina ta da kabon-14, wanda ake iya bin sawunsa. Suka toshe kwalabe, suka riƙa kama iskar da ke fita suna aunawa. In kabon-14 ya bayyana a cikin iskar, babu inda ya fito sai jikin gubar. Hujja ke nan da ba ta da ja. Amma ko a wannan gwajin, kason da ya koma iska cikin wata guda kaɗan ne. Mafi yawan DDT ɗin da ya taɓu sauya kama ya yi zuwa danginsa irin su DDD da dikofol.

Akwai wani abu da ɗalibai sukan yi tuntuɓe a kansa. Naman gwarin nan ba ya rayuwa da gubar, kai ko da lignin ɗin ma kaɗai ba ya rayuwa. Yana fasa shi ne don ya kai ga selulos, gubar kuwa tsautsayi ne ya rutsa da ita. Saboda haka dole ka ba shi abinci na daban, gulukos a kwalba ko garin katako da kara a fili. Shi Phanerochaete kuma ba ya sakin waɗannan enzayim sai abinci, musamman naitirojin, ya ƙare masa. Ɗalibin da ya cika masa abinci mai yawan naitirojin zai ga ya yi ɓul-ɓul, fari tas, ya rufe kwalba, gubar kuwa ko gezau. Wannan ɗabi'a ba ta game kowa ba, domin wasu nau'in Trametes da Pleurotus sun fi bayarwa idan naitirojin ya wadata. Kowane nau'i sai an koyi halinsa.

Enzayim na uku, lakkes, ya girme su duka a tarihi. Hikorokuro Yoshida ya gano shi a 1883 a cikin ƙaron wata bishiya a Japan, daga baya aka tarar naman gwari ne manyan masu samar da shi. Yana ɗauke da ƙwayoyin jan ƙarfe huɗu, ba ya buƙatar feroksaid, iskar oksijin kawai yake ɗauka ya mayar da ita ruwa. Shi ya sa masana'antu suke son sa, har ana amfani da shi wajen koɗe launin yadin jins. A ɗakin gwaji kuwa shi ne ya fi saurin faranta wa ɗalibi rai. Ka zuba shuɗin rini a cikin aga, wato daskararren abincin da ake noman ƙananan halittu a kansa, ka yanko ɗan guntun Trametes ka ɗora a tsakiyar faranti. Cikin 'yan kwanaki za ka ga farin zare yana bazuwa, a ƙarƙashinsa da ɗan gabansa kuma shuɗin yana koɗewa a da'ira, har ka ɗaga farantin ka hango yatsanka ta cikinsa. Abin yana da ban sha'awa. Sai dai launi na fitowa ne daga wani ɗan sashe na ƙwayar rinin, da an tsinke wannan sashen launi ya tafi, ko da sauran gangar jikin na nan. Rinin da ake kira azo, wanda masaƙu suka fi amfani da shi, idan aka tsinke shi a inda babu iska yakan bar wasu sinadaran amin marasa launi, waɗanda wasunsu ke jawo ciwon daji. Ruwa ya yi garau a ido amma ya fi da illa, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Irin wannan sauyin kama ba sabon abu ba ne. Tun a shekarun 1890 Bartolomeo Gosio a Italiya ya nuna cewa wata funfuna da ke tsirowa a kan takardar ado ta bango, wadda aka rina da koren fenti mai asenik, tana mayar da asenik ɗin iska mai warin tafarnuwa. Sai a 1933 Frederick Challenger ya tantance ko wace iska ce. In da bangon kawai ka auna, cewa za ka yi funfuna ta yi aikin tsafta. Haka Cunninghamella elegans, wadda Carl Cerniglia ya yi shekaru yana nazari, tana sarrafa PAH da enzayim ɗin P450, irin wanda ke cikin hantar ɗan'adam. Sau da yawa tana rage musu dafi, ta sa su narke a ruwa, amma ba kasafai take fasa zobban su ƙare ba. Kada kuma a manta, ta irin wannan hanyar ce benzofairin ke zama mai jawo ciwon daji a jikin mutum.

Yanzu ga yis. Wanda ake kwaɓa fulawa da shi, Saccharomyces cerevisiae, ba ya cin mai. Gwanin sukari ne, ƙwayoyin gadon P450 guda 3 kacal yake da su, alhali Phanerochaete yana da kusan 150. Masu cin mai wasu ne daban, shugabansu Yarrowia lipolytica, sai Candida tropicalis da Candida maltosa. Su kam da gaske ci suke yi, ba tsautsayi ba. Yarrowia yana fitar da wani sinadari mai tarwatsa mai zuwa ƙananan ɗigo, ya manne da ɗigon, ya shigar da sarƙar kabon cikin tantaninsa. A can wani P450, wanda yake da iri 12 nasa, zai liƙa oksijin a bakin sarƙar, ta bi matakai ta zama asid ɗin kitse, sannan a riƙa gutsure ta kabon biyu-biyu ana samun kuzari. Kamfanin mai na BP ya san wannan tun shekarun 1960, lokacin da Alfred Champagnat ya jagoranci noman yis a kan farafin ɗin man fetur a Lavera ta Faransa don samar da abincin dabbobi. Tsadar mai a shekarun 1970 da fargabar jama'a suka durƙusar da harkar. Masu gyaran jiragen sama su ma sun san wata funfuna, Hormoconis resinae, mai zama a tankin kananzirin jirgi daidai inda ruwa ya kwanta a ƙasa, ta toshe matata ta ci ƙarfe.

Iyakar yis a nan a fili take. Yana son sarƙoƙi miƙaƙƙu masu matsakaicin tsawo, kabon 10 zuwa 16 ko sama da haka kaɗan. Ɗanyen mai kuwa haɗin dubban sinadarai ne, kuma masu zobe huɗu da biyar da baƙin kwaltan da ke kwantawa a ƙasa, waɗanda su ne suka fi daɗewa a muhalli, yis ba ya yi musu wani abin kirki. Inda ya yi fice kuma shi ne finol, mai zobe ɗaya, wanda ke fita a ruwan matatun mai da masana'antun magani. Candida tropicalis da Trichosporon suna ƙara masa oksijin ya zama katikol, su tsaga zoben, su shigar da gutsattsarin cikin hanyar da suke ƙona abincinsu na yau da kullum. Wannan farfasawa ce cikakkiya. Sai dai finol maganin kashe ƙwayoyin cuta ne tun zamanin Joseph Lister, don haka in ya yi yawa shi ne zai kashe yis ɗin.

Batun dalma kuwa daban ne gaba ɗaya. Dalma da zaiba da kadmiyam da asenik ba haɗaɗɗun sinadarai ba ne da za a warware su, asalin abu ne, babu halittar da za ta mayar da su wani abu. Abin da yis ke yi shi ne kamawa. Bangon tantaninsa cike yake da wurare masu cajin da ke jawo ƙwayoyin ƙarfe, kuma wannan ba ya buƙatar rai, mataccen yis ma yana yi, wani lokaci har ya fi rayayye. A 2022 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka ba da rahoton cewa giram 1 na busasshen yis marar rai yana iya kama dalma har miligiram 12 cikin ƙasa da minti 5, a ruwan da dalmarsa ba ta kai miligiram 1 a lita ba. Abin lura ne, ganin cewa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na ruwan sha maikurogiram 10 ne a lita, kuma irin wannan ɗan ƙanƙanin adadi shi ya fi wuyar cirewa. Kamfanonin giya kuma suna zubar da tarin yis da ya gama aiki. To amma bayan an tace, me ke hannunka? Yis mai dalma, wato shara mai guba, wadda sai an wanke ta da asid an karɓe ƙarfen ko an binne ta yadda doka ta tsara. An tattara gubar daga ruwa mai yawa zuwa ɗan ƙunshi, kuma wannan riba ce babba, amma ba a kawar da ita daga duniya ba. Haka zancen yake ga baƙar funfunar da aka samu a bangon tashar nukiliya ta Chernobyl bayan haɗarin 1986. Tana jure tururin nukiliya, ana kuma nazarin rawar da baƙin launinta ke takawa, amma siziyam-137 sai ya yi kusan shekara 30 kafin rabinsa ya lalace, da funfuna ko babu.

A ganina babbar gudummawar Saccharomyces ga wannan fanni a teburin bincike take, ba a fili ba. Yana ninka kansa cikin kusan minti 90, tsarin tantaninsa irin namu ne mai cibiya, kuma a 1996 ya zama halitta ta farko mai irin wannan tantani da aka karance kundin gadonta kaf, ƙwayoyin gado kusan 6,000 a kan kuromosom 16. Akwai tarin yis da aka cire wa kowanne ƙwayar gado ɗaya, sai a zuba musu kadmiyam a ga waɗanne suka mutu, a gane wace ƙwayar ce ke ba da kariya. A jikin yis aka fahimci yadda tantani ke naɗe jan ƙarfe da wani ɗan furotin, da yadda yake tura kadmiyam cikin wata jaka a cikinsa ya kulle. A 1996 ɗin dai Routledge da Sumpter a Jami'ar Brunel ta Birtaniya suka fito da gwajin da ke amfani da yis ɗin da aka dasa wa mai karɓar saƙon homon ɗin estirojin na ɗan'adam. In ruwan da ake zargi yana da sinadarai masu kwaikwayon wannan homon, ruwan gwajin sai ya juya daga rawaya zuwa ja. Ka ga yis ya zama ɗan rahoto, kuma da shi ake duba ko ruwan da lakkes ya yi aiki a kai ya daina illa da gaske.

Roba ce aka fi zuzutawa, a nan kuma na fi taka tsantsan. Gaskiya ne a 2011 ɗaliban Jami'ar Yale sun ba da rahoton Pestalotiopsis microspora, wanda suka samo a cikin tsirran dajin Amazon na Ekwado, yana rayuwa da wata roba mai suna foliyuretan. Amma irin foliyuretan ɗin mai ruwa-ruwa ne, yana kuma da haɗin esta a jikinsa, irin haɗin da ke cikin kakin bayan ganye, wanda naman gwari ya saba tsinkewa tun fil'azal. Ledar folitilin ba ta da wannan, kabon ne ɗaure da kabon dubbai a jere, babu inda enzayim zai kama. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da suka bi sawun kabon yadda ya kamata shi ne na 2024 daga cibiyar binciken teku ta Holan, a kan Parengyodontium album. Sun ga yana mayar da folitilin iska da saurin kusan kashi 0.05 cikin 100 a rana, shi ma sai bayan hasken rana ya fara raunana ledar. Ka ajiye wannan kusa da tan sama da miliyan 400 na roba da ake ƙerawa duk shekara. Rahotanni da yawa da ke cewa leda ta rage nauyi, abin da aka ci shi ne sinadaran da aka zuba mata don laushi, ko kuma ta ruguje ne zuwa ƙananan ɓarɓashi da suka bi ruwan wanki, wanda hakan ƙara ɓarna ne.

Me ya hana a zuba su a fili? An gwada. A 1990 Richard Lamar da Diane Dietrich suka buga sakamakon wani gwaji a jihar Wisconsin, inda suka cakuɗa gutsattsarin katako mai ɗauke da Phanerochaete cikin ƙasar da PCP, maganin adana katako, ya gurɓata. Cikin mako shida da rabi gubar ta ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Da suka bi sawu sai suka ga kaso kaɗan ya zama wani ɗan'uwanta mai kulorin biyar kamar ita, mafi yawa kuma mannewa ya yi da ruɓaɓɓen abin da ke cikin ƙasa ta yadda ba ya fita ko an wanke. Zaɓin nan na biyu da na ce ka riƙe ke nan. Wasu masana suna ɗaukar wannan a matsayin nasara, tunda abin da ba ya motsi ba ya shiga ruwa ko tsiro. Ni ina ganin nasara ce mai sharaɗi, sai an ci gaba da sa ido a kan ƙasar.

Sauran cikas ɗin na yau da kullum ne. Gidan waɗannan halittu itace ne, ba ƙasa ba. A kwalba an kashe musu duk abokan hamayya, a fili kuwa bakteriya da koriyar funfuna irin su Trichoderma suna rigan su cinye abincin da aka zuba, wani lokaci su cinye baƙon ma. Suna buƙatar iska, don haka ƙasa mai laka ko wadda ruwa ya kwanta a kai ba tasu ba ce. Gubar da ta shekara ashirin a wuri ta riga ta shige ƙananan kafofin ƙasa inda enzayim ba ya kaiwa, saɓanin wadda ɗalibi ya zuba jiya. Ga kuɗin noman tan-tan na iri da jigilarsa da juya ƙasa. A teku kuwa bakteriya ne ke da filin. Bayan malalar man jirgin Exxon Valdez a Alaska a 1989, abin da ya taimaka shi ne watsa taki a gaɓa don bakteriyan da ke wurin tun asali su samu naitirojin da fosfaras.

Inda naman gwari ya yi tasiri shi ne ƙaramin wuri da aka killace. Tun 1993 manoma a Suwidin suke haƙa rami su cika shi da cakuɗen kara da ƙasa da ruɓaɓɓen ciyayin fadama, su shuka ciyawa a sama, su riƙa cika injin feshi a kansa. Maganin ƙwarin da ya zube sai ya tsaya a ciki, karan kuma ya ciyar da masu ruɓar da itace su yi aikinsu. Dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Sannan a busasshiyar ƙasa zaren naman gwari yana tsallake gurbin iska tsakanin ƙwayoyin ƙasa, abin da bakteriya ba su iyawa. A 2005 Lukas Wick da Hauke Harms da abokan aikinsu suka nuna cewa bakteriya masu cin guba suna iyo a cikin siririn ruwan da ke lulluɓe da zaren har su isa inda gubar take. Tun daga nan hankali ya fi karkata ga haɗa su biyun: naman gwari ya fara tsaga manyan zobba, bakteriya su ƙarasa gutsattsarin.

Ga binciken digirinka, shawarata ka bar roba. Watannin da kake da su ba za su isa ba, kuma ba tare da kabon mai alama ba da wuya ka kafa hujja. In kana son yis, ɗauki finol ko kama ƙarfe. Yana girma da sauri, ana ƙirga shi cikin sauƙi, finol kuma ana auna shi da na'urar awon launi da kusan kowane ɗakin gwaji ke da ita. In kana son masu zare, ɗauki rini. Ka samo ruɓaɓɓen itacen da ya yi fari, ka shuka a aga mai ɗan maganin kashe bakteriya, ka gwada su da sinadarin gwayakol: wanda ya yi da'ira ja mai duhu a kewayensa yana da enzayim ɗin da kake nema.

Ko wanne ka zaɓa, kwalabe uku za ka jera, kowace iri sau uku. Ɗaya mai rayayyar halitta. Ɗaya babu halitta sam, don ka ga abin da haske da iska suka ɗauke da kansu, musamman a kan mai, wanda sassansa marasa nauyi ke tashi su bi iska. Ta ukun mai halittar da ka turara a digiri 121 na ma'aunin Salsiyos har minti 15 ta mutu. In matacciyar ta rage launi kusan daidai da rayayyiyar, mannewa ce, kuma sau da yawa da ido ma za ka gani, ƙwallayen zaren sun rine shuɗi ruwan ya yi fari. In da dalma kake aiki, ka tsare ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, ƙasa da 6, domin sama da haka dalma tana fara kwantawa da kanta, sai ka yaba wa yis a kan aikin da bai yi ba. Bayan an gama, ka jiƙa irin shuka mai saurin tsiro da ruwan kafin gwaji da na bayan gwaji da ruwa mai tsabta, ka ƙirga waɗanda suka tsiro ka auna tsawon saiwa. Gwaji ne mai arha, amma shi zai gaya maka ko dafin ya ragu ko launi ne kawai ya tafi.

Kada ka raɗa wa abin da ka samo suna da kallon launinsa a faranti. A karanta sashen ITS na kundin gadonsa, wanda aka amince da shi a matsayin shaidar naman gwari tun 2012, ga yis kuma a haɗa da sashen D1/D2. Wannan ya shafi lafiyarka ma. Jerin naman gwari 19 masu haɗari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ƙunshi Aspergillus fumigatus da Fusarium da shi kansa Candida tropicalis, kuma dukkansu suna yawan fitowa daga gurɓatacciyar ƙasa. Farantin da ya yi ƙura kada ka buɗe shi a sarari ko ka shinshina, ka turara komai kafin zubarwa. In kuma Pleurotus ɗinka ya fitar da naman kaza a kan abin da ka gurɓata, ba na ci ba ne, domin yana tara kadmiyam da sauran ƙarafa a jikinsa, shi ma cikin sharar gwaji zai tafi.